Ka Kafa Ƙungiya: Kujerar Shugaban Amintattu Za Ka Hau ko ta Babban Darakta?

Ranar da lauya ya ce a kawo sunayen amintattu domin a yi wa ƙungiya rajista, ba a cika tsayawa dogon tunani ba. Wanda ya kawo shawarar kafa ta shi ake fara rubutawa a matsayin shugaba, sai matarsa ko ƙaninsa, sai abokinsa na makaranta, sai wani dattijo da ake ganin girmansa a unguwa. Washegari kuma shi ɗin ne zai buɗe ofis, shi zai rubuta takardar neman tallafi, shi zai sa hannu a ceki, in kuɗi sun shigo shi zai yanka wa kansa albashi. Kujeru biyu ke nan ya haɗa ya zauna a kai, sau da yawa ma bai san biyu ba ne. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Na ga mutanen kirki, waɗanda ba su taɓa cin kwabon maraya ba, sun shiga bakin duniya saboda wannan haɗin kawai, shi ya sa nake so mu auna kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, domin mai shirin kafa gidauniya ko ƙungiyar ci gaban gari ya san wadda ta dace da shi.

Kujera ta farko ita ce ta shugaban kwamitin amintattu. Aikin wannan kwamiti riƙon amana ne da sa ido: su ke tsare manufar da aka kafa ƙungiya dominta, su ke amincewa da kasafin kuɗin shekara, su ke ɗaukar wanda zai gudanar da aiki, su tambaye shi lissafi, in ta kama su sallame shi. Kujera ta biyu ita ce ta babban darakta, wanda wasu ke kira babban sakatare ko shugaban gudanarwa. Shi ke zuwa ofis kullum, shi ya san wace rijiya aka haƙa, wane malami ba a biya ba, wane mai tallafi ke jiran rahoto. Ma'aikata a ƙarƙashinsa suke, shi kuma yana ƙarƙashin amintattu.

Doka ba ta bar wannan magana haka sakaka ba. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020 ta maye gurbin ta 1990, ita ce ke tafiyar da rajistar ƙungiyoyi a Nijeriya. Akasarin ƙungiyoyinmu na addini, na 'yan gari ɗaya, da gidauniyoyin marayu, suna yin rajista ne a ɓangaren amintattu, daga sashe na 823 zuwa na 850. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, a buga sunayensu a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da zarar hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta ba da satifiket, amintattun sun zama jiki guda a idon doka: da wannan suna ake mallakar fili da gini, da shi ake kai ƙara, shi kuma ake kai wa ƙara.

Sashe na 838 shi ne wanda ya kamata kowane mai kafa ƙungiya ya karanta kafin ya ba da sunansa. Ya ce kuɗi da kadarorin ƙungiya manufarta kaɗai za a yi wa hidima da su, ba a raba wa mambobi a matsayin riba. Ya halatta a biya ma'aikaci ladan aikin da ya yi bisa gaskiya. Amma ya hana a naɗa ɗan majalisar da ke mulkin ƙungiya a kan muƙami mai albashi, sai fa wanda ya shiga majalisar saboda muƙamin da yake riƙe da shi. Abin da ɗan majalisa zai iya karɓa shi ne a mayar masa da kuɗin da ya kashe daga aljihunsa a kan aikin ƙungiya, ko kuɗin hayar gidansa in ƙungiya ta kama, ko ladan wani aiki takamaimai da ya yi mata, gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. Amintattu kuwa dokar ta sa su cikin wannan majalisa. Ke nan mutumin da sunansa ke kan satifiket a matsayin amintacce, yake kuma karɓar albashin darakta duk ƙarshen wata, yana tsaye ne a wurin da duk mai son kayar da shi zai samu abin kamawa.

To, bari mu fara da abin da ya fi damun mutane, ko da ba su cika faɗa ba: iko. Kujerar amintacce ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kafin a cire amintacce sai an yi babban taro an zartar da ƙuduri kamar yadda kundin tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, a sake bugawa a jarida, a sake jiran kwana 28, sannan CAC ta amince. Darakta kuwa ma'aikaci ne, takarda ɗaya daga amintattu ta isa ta raba shi da ofis. Saboda haka wanda ya sha wahalar kafa ƙungiya, ya sayar da babur ɗinsa ya biya hayar ofis na farko, in aka ce ya sauka daga cikin amintattu ya koma ma'aikacinsu, abin da ke zuwa masa a rai shi ne wata rana za a kore shi daga gidan da ya gina da hannunsa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, yana faruwa. Amma a lura da irin ikon da kowace kujera ke bayarwa. Shugaban amintattu yana da ikon cewa a yi ko a bari, sau uku ko huɗu a shekara. Darakta shi ke yanke ƙananan shawarwari ɗari a mako, waɗanda su ne ainihin rayuwar ƙungiya: wa za a ɗauka aiki, wane ƙauye za a fara shiga, yaya za a yi magana da mai unguwa. In abin da ya sa ka kafa ƙungiya shi ne kana son aikin kansa, kujerar shugaba za ta bar ka da ƙishirwa, kuma ƙishirwar nan ita ce za ta sa ka riƙa leƙa ofis kullum kana tsallake daraktan da ka ɗauka kana ba ma'aikata umarni kai tsaye, har ya gaji ya ajiye aiki.

Sai maganar abinci. A nan ne nake ganin muna yaudarar kanmu da sunan tsoron Allah ko kunya. Matashi ya bar koyarwa ko aikin asibiti ya rungumi aikin ƙungiya dare da rana, ana tambayarsa albashi sai ya ce ai shi don Allah yake yi. Alhali yana da iyali, yana da haya, yana da kuɗin makaranta. Abin da ke biyo baya sananne ne: yau ya ɗauki kuɗin mai, gobe alawus ɗin tafiya, jibi ya ranci wani abu daga asusun aiki da niyyar mayarwa, babu ko ɗaya a rubuce. Ba sata ya yi niyya ba, amma ranar da mai binciken kuɗi ya zo, bakinsa ba zai iya kare shi ba. Albashi bayyananne, wanda wasu mutane daban suka yanka, aka rubuta, aka cire masa haraji aka kai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ya fi wannan tsafta sau dubu. Addini ma bai ƙyamaci haka ba. A cikin kaso takwas na zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, har da masu aikin tattara ta. Lokacin da Sayyidina Umar ya yi wakafin gonarsa ta Khaibar, ya ce ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, amma babu laifi mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba, ba tare da ya tara dukiya ba. Haka kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi da ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma yi tir da abin da ya ware ya ce kyauta aka ba shi. Ana biyan ma'aikaci, ana kuma tambayarsa. Kujerar darakta ita ce ta wanda ake biya. Wanda ya zaɓi ta amintattu ya sani tun farko cewa sai ya nemi abincinsa a wani wuri.

Shi ya sa in ka duba manyan gidauniyoyin da masu hali suka kafa, za ka ga mai gidauniyar a kujerar shugaba yake. Alhaji Aliko Ɗangote shi ne shugaban amintattun gidauniyarsa, amma Zouera Youssoufou, 'yar Nijar wadda ta yi aiki a Bankin Duniya, ita aka ɗauka ta gudanar da ita. Ɗan kasuwa Tony Elumelu ya kafa tasa a 2010, kuma tun daga lokacin mutane daban-daban suka riƙe kujerar gudanarwa ɗaya bayan ɗaya. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna Ahmadu Bello, Sarkin Musulmi ne shugabanta, amma babban sakatare ke riƙe da ofishinta na Kaduna. Waɗannan duka mutane ne da abin da suke kawo wa ƙungiya shi ne suna, ko dukiya, ko kwarjinin da zai buɗe ƙofa, kuma suna da wani aikin da ya cika musu rana. In kai ɗan kasuwa ne, ko babban ma'aikaci, ko basarake, ko malamin da karatu da wa'azi suka riga suka cinye lokacinsa, wannan ita ce kujerarka. Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi: dole a samu kuɗin biyan darakta na gaske. Shugaban da ya ɗauko yaronsa ya ba shi sunan darakta ba albashin kirki, ya riƙe littafin ceki a aljihun babbar rigarsa, bai raba kujerun ba, suna kawai ya canza.

Masu ba da tallafi kuma nasu idon daban ne. Kafin wata babbar hukuma ta saki kuɗinta, takan turo a duba ƙungiya: ina kundin tsarin mulki, ina rubutaccen bayanin tarukan amintattu, su wa ke sa hannu a banki, wa ke duba aikin darakta, akwai dangantaka tsakaninsa da amintattu ko babu, ina rahoton mai binciken kuɗi na waje. Ƙungiyar da ta amsa cewa mai sa ido da wanda ake sa wa ido mutum ɗaya ne, ko miji da mata ne, ta riga ta rage wa kanta maki tun kafin a karanta aikin da take son yi. A wannan fuska kujerun biyu duk ɗaya ne, kowacce ka hau ta yi, muddin ka bar ɗayar ga wani.

Haɗari fa? Kowace kujera da irin nata. Amintacce ne doka ke nema in ba a kai wa CAC rahoton shekara ba, ko aka karkatar da kuɗi zuwa abin da ba shi ne manufar ƙungiya ba, ko da kuwa bai taɓa ganin takardun ba. Sashe na 839 ma ya ba hukumar damar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya in aka samu almundahana ko rashin iya riƙo, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce daga ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ƙungiyoyin farar hula a 2020, har Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci a 2023 cewa sashen ya ci karo da 'yancin kafa ƙungiya. Duk wanda aka roƙa ya ba da sunansa kawai, aka ce masa ba sai ya zo taro ba, ya sani cewa wuyansa ya bayar.

Haɗarin kujerar darakta ya fi wuyar gani, domin daga ƙauna yake tasowa. In wanda ya kafa ƙungiya shi ne darakta, shi ya zaɓo amintattun da kansa, sukan ji nauyin yi masa tambaya mai zafi. Kowa ya san da ba don shi ba da babu ƙungiyar, sai a koma 'yan amshi. A Ingila an ga misalin haka da Kids Company, ƙungiyar taimakon yara da Camila Batmanghelidjh ta kafa a Landan a 1996, ta kuma gudanar da ita har zuwa 2015. A watan Agustan wannan shekara ƙungiyar ta rufe, kwanaki kaɗan bayan gwamnati ta ba ta fam miliyan 3. Kwamitin majalisar dokoki ya ɗora wa amintattu laifin rashin taka mata birki. Daga baya, a 2021, babbar kotu ta wanke ta tare da amintattun daga ƙarar da aka shigar don a haramta musu riƙe irin wannan muƙami, amma hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji ta ƙasar ta ce ƙungiyar ta daɗe tana tafiya ba ta da isasshen kuɗin ajiya. Yaran da take taimako su suka wayi gari ƙofa a rufe. Ba a ce matar ta ci kuɗi ba. Zuciyarta ce ba ta iya mayar da yaro, kuma irin wannan zuciyar ce ta fi buƙatar wani a gefe da zai ce mata asusu ba zai ɗauka ba.

Ra'ayina dai, ga akasarin masu kafa ƙungiya a wurinmu, waɗanda ƙarfinsu da iliminsu ne jarinsu ba dukiya ba, kujerar darakta ta fi dacewa. Ka zama ma'aikaci, a biya ka, ka zauna a taron majalisa saboda muƙaminka kamar yadda doka ta ba da dama, amma ka fita daga ɗakin in za a tattauna albashinka ko a auna aikinka. Tsoron kora kuma a kundin tsarin mulki ake maganinsa, tun ran gini ran zane. A rubuta maka takardar ɗaukar aiki mai wa'adi, shekara huɗu ko biyar da za a iya sabuntawa. A tanadi cewa ba a sallamar darakta sai da kashi biyu cikin uku na amintattu, bayan an rubuta masa laifinsa an kuma saurare shi. A sa wa amintattun su ma wa'adi, yadda ba za su sauka rana ɗaya ba, ba kuma za su dawwama ba. Mafi yawansu su zama ba danginka ba ne, ba kuma masu cin abinci a hannunka ba. Ka nemo mutum ɗaya da ya san lissafin kuɗi, ɗaya da ya san doka, ɗaya daga cikin al'ummar da kuke yi wa aiki, in aikin ya shafi mata kuwa kada a yi kwamitin maza zalla. Wanda ya taɓa gaya maka gaskiyar da ta ɓata maka rai, shi ne na farko da ya kamata ka roƙa.

Akwai wanda zai ce shi fa yana son ƙuri'a a kwamiti kuma yana son albashi. To ya duba ɗaya hanyar rajistar, wato kamfanin da mambobinsa ke tsaya masa da lamuni, wanda sashe na 26 ya yi bayani. Shi ba shi da hannun jari, ba a raba riba, mambobi suna alkawarin biyan abin da jimillarsa ba ta gaza naira 100,000 ba in aka zo rushe shi. Daraktoci ke mulkinsa kamar kowane kamfani, don haka manajan darakta mai albashi yana iya zama cikin kwamiti in ƙa'idojin kamfanin sun yarda. Wahalarsa ita ce sai an nemi amincewar Antoni Janar na Tarayya. In kwana 30 suka wuce bai ba da amsa ba, dokar 2020 ta ba da damar a buga sanarwa a jaridun ƙasa guda uku a jira kwana 28. Ya fi dacewa da cibiyar bincike, ko makaranta, ko asibitin da ke karɓar kuɗin hidima yana mayarwa cikin aiki. Ko a nan ɗin, ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta Nijeriya ta 2018 ta ce kada mutum ɗaya ya haɗa shugabancin kwamiti da na gudanarwa.

Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ba ta da ma'aikaci ko ɗaya ba ta buƙatar darakta. Shugaba da sakatare da ma'aji sun isa, a tabbata dai mutum biyu ke sa hannu a banki, kuma ana karanta lissafi a gaban mambobi.

Zaɓin nan kuma ba na har abada ba ne, a nan ne maganar magaji ke shigowa. Fazle Hasan Abed ya kafa ƙungiyar agaji ta BRAC a Bangaladash a 1972, ya riƙe kujerar babban darakta har 2001, sannan ya miƙa ta ya koma shugaban kwamitin mulki. A 2019 ya sauka daga wannan ma, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a Disambar shekarar, kuma BRAC na nan cikin manyan ƙungiyoyi masu zaman kansu na duniya. A gida, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko, ta yi wa'adinta ta miƙa wa wata, aka ci gaba da miƙawa har yau. Kada kuma a jira gwamnati ta tsara wa mutum ranar saukarsa. A 2016 hukumar FRC, mai sa ido kan rahoton kuɗi a Nijeriya, ta fitar da ƙa'idar da ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba shekara 20 a kan kujera. A farkon Janairun 2017 Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wanda zai jagoranci cocin Redeemed a Nijeriya saboda ita, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin kwana biyu gwamnati ta dakatar da ƙa'idar ta kuma sauke shugaban hukumar, Jim Obazee. Wa'adin da ƙungiya ta rubuta wa kanta tun ba a fara rigima ba shi ne ke aiki. Abu ɗaya nake jan kunne a kai: daraktan da ya sauka yau kada ya hau kujerar shugaban amintattu gobe da safe in ya san ba zai iya kame hannunsa ba, domin ma'aikata za su ci gaba da kai masa ƙara a gida, sabon darakta ya zama hoto. Gara ya ba da tazarar shekara ɗaya ko biyu.

Wanda kuma ya riga ya yi rajista yana kan kujerun biyu, gyara ba shi da wuya kamar yadda ake zato. A kira babban taro, a zaɓi kujerar da zai riƙe, a rubuta ƙuduri. In darakta ya zaɓa, lauya zai shigar da takardar sauya amintattu a CAC, a buga a jarida, bayan kwana 28 in babu ƙorafi a karɓo sabon satifiket, a kai wa banki domin a gyara masu sa hannu. Kafin duk wannan ya kammala, daga wannan watan ya daina sa hannu a kan takardar biyan kansa, ya bar wa ma'aji da wani amintacce su sa.